Ko jiragen abokan gaba sun isa su kawo wa Kano hari a Yaƙin Hitila?

Tambaya: Malam, na sha jin dattawa suna cewa a lokacin Yaƙin Hitila Turawan mulki sun yi fargabar jiragen sama su yi wa Kano da Legas ruwan bama-bamai. Wannan tsoron yana da tushe kuwa, ko dai dabara ce ta ɗibar soja da tara kuɗi? Kuma yaya ma ake auna irin wannan barazana?

Amsa: Yana da tushe, ɗan'uwa. Gaskiya ne har aka gama yaƙin a 1945 babu jirgin abokan gaba da ya jefa bam a ƙasar Najeriya. Amma a watan Janairun 1942 an jefa a Fot Lami, wato Njamena ta yau, kuma daga Maiduguri ita ce zango na gaba a hanyar jiragen Ingila. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Sai dai tsoron ya yi ta hawa da sauka tsakanin 1940 da 1943, kuma abin da yake ɗaga shi ko ya sauke shi bai wuce wannan ba: wa yake riƙe da filayen jirgin da ke kusa, kuma ta wace hanya mai zai isa can.

Kafin watan Yunin 1940 ba wanda ya damu. Duba taswirar wancan zamanin: Dahomey a yamma, Nijar a arewa, Chadi da mafi yawan Kamaru a gabas, duk a hannun Faransa, Faransa kuwa ƙawar Ingila ce a yaƙin. Ƙasa mafi kusa da ake ɗari-ɗari da ita ita ce Libiya da ke hannun Italiya, kuma daga Tarabulus zuwa Kano ya haura kilomita 2,300, galibinsa hamada. Hankali ya kwanta har aka ɗebi birged guda ta sojan Najeriya aka tura ta Gabashin Afirka.

Cikin kwana 12 lissafin ya rushe. Ran 10 ga Yuni Italiya ta shiga yaƙi, ran 22 ga wata Faransa ta sa hannu a takardar ajiye makami. Shigar Italiya ta mai da Bahar Rum hanya mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai an zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu kafin kaya su isa Masar, tafiyar makonni masu yawa. A nan Kano ta samu darajar da ba ta nema ba. Tun 1936 kamfanin Imperial Airways yake zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, sai aka ɗauko wannan hanyar aka faɗaɗa ta. Ana kawo jiragen yaƙi cikin manyan akwatunan katako zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, a gwada, sannan su tashi ayari-ayari: Legas, Kano, Maiduguri, Fot Lami, Jinaina, Fashir, Hartum, har Alƙahira. Kusan kilomita 6,000, tafiyar kamar kwana shida. Ayarin farko ya tashi a Satumbar 1940. Jirgi mai inji biyu irin Blenheim shi ke jan gaba da masanin hanya a cikinsa, ƙananan Hurricane suna biye, an shafa musu farin fenti a gadon baya don in ɗaya ya faɗi a daji a hango shi daga sama. Zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi ta nan. Masu gwabzawa da Ingila a hamadar Libiya da Masar sun san sarai daga inda jiragen da ke dukansu suke ɓullowa.

To ga abin kai wa hari ya samu. Saura a san ko hannu zai kai.

Mai auna barazana ba ya farawa da ƙirga jiragen abokin gaba. Jamus na da dubbai, amma jirgin da ke Faransa ko Rasha ba ruwan Kano da shi. Yana ɗora zare ne a kan taswira daga garin da aka ba shi tsaro, ya zana da'ira, ya duba filayen sauka nawa suka faɗo ciki. Tsawon zaren shi ne aikin. Nisan da aka rubuta wa jirgi a takarda sai ka raba shi biyu, don dole ya koma gida. A cikin rabin ka cire na iskar da za ta tare shi, ka cire na ɓatan hanya, wanda a hamada da hazon hunturu ba ƙaramin abu ba ne, tun da matuƙin wancan lokacin da agogo da kamfas da abin da idonsa ya gani a ƙasa yake tafiya. Sannan nauyin da jirgi zai ɗauka ƙayyadadde ne, duk kilo ɗaya na bam kilo ɗaya ne na mai da aka bari a ƙasa. In ka gama wannan ragin, jirgin jefa bam irin Heinkel 111 na Jamus ko Savoia-Marchetti 79 na Italiya, ɗauke da kaya na sosai, inda zai kai ya dawo bai cika wuce kilomita 1,000 ba.

Da'irar kilomita 1,000 a kewayen Kano ba ta taɓa Libiya. Abin da ya faɗo cikinta shi ne Damagaram, Maraɗi, Agadas, Yamai da Kwatano. Ka ga ke nan tambayar ta tashi daga Jamus ta koma kan maƙwabta.

Bayan faɗuwar Faransa gwamnonin ƙasashen da take mulka suka rabu biyu. Gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan Giyana, ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi ajiye makami, ran 26 ga Agustan 1940, Kamaru ta biyo baya washegari. Ba don haka ba da hanyar Takoradi ta tsinke a tsakiya tun kafin a fara ta, kuma a ganina ba mu ba mutumin nan haƙƙinsa a tarihin da muke karantar da yaranmu. Amma Pierre Boisson, babban gwamnan da ke Dakar, ya tsaya tare da gwamnatin Vichy mai sulhu da Jamus, Nijar da Dahomey kuma a ƙarƙashinsa suke. Daga Damagaram zuwa Kano, in an miƙe ta sama, kilomita 200 ne da 'yan kai. Jirgin da ke gudun kilomita 400 a awa rabin awa ta ishe shi, daga inda zai tsallaka iyaka zuwa kan filin jirgin Kano kuwa kamar minti 15 ne. A cikin wannan ɗan lokacin ake so mai gadi ya ji rugugi, ya bambance jirgin gida da baƙo, a buga waya, a kaɗa jiniya, matuƙi ya ruga ya tayar da inji ya yi sama har ya kai inda baƙon yake. Legas ma ta fi matsuwa, don Kwatano kilomita 100 ce da kaɗan daga gare ta.

Za ka ce, Faransawan Vichy za su yi kuwa? Ai sun taɓa yi. Daga 23 zuwa 25 ga Satumbar 1940 Ingila da de Gaulle suka kai wa Dakar hari, aka kore su, kuma kafin ma a gama jiragen Vichy da ke Arewacin Afirka suka rama a kan Jibralta, sansanin Ingila da ke kudancin Sifen, kwana biyu a jere suna sakin bam. A 1941 jiragensu na leƙen asiri sun yi ta shawagi a kan Firitawun ta ƙasar Saliyo, inda ayarin jiragen ruwa ke taruwa, har ta kai an ajiye rundunar Hurricane a can. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ba da aron fili. A watan Mayun 1941 jiragen Jamus suka sauka suka sha mai a filayen Siriya da ke hannun Vichy a kan hanyarsu ta zuwa Iraƙi, kuma a wannan watan Admiral Darlan na gwamnatin Vichy ya sa hannu a wata yarjejeniya da Jamus a Paris wadda ta ambaci har Dakar, ko da yake ba a zartar da wannan ɓangaren ba. A Yulin shekarar Japan ta shiga kudancin Indochina, wato yankin Biyetnam ta yau, ita ma ta Vichy ce. Daga can jiragenta suka taso cikin dare suka faɗa wa Singafo kafin asubar 8 ga Disamba. Na'urar rada ta hango su tun daga nesa, amma fitilun titi suna kunne har aka gama, mutum sama da 60 suka mutu. Turawan Singafo sun shekara da shekaru suna dogara da nisa, nisan kuma ya ƙare a ranar da maƙwabci ya ba da filinsa. Mutanen Sudan sun ɗanɗani irin wannan tun 1940, don Eritiriya tana jikinsu: jiragen Italiya sun jefa bam a Bur Sudan da Atbara da Hartum, sojanta kuma suka kama Kasala, yankin da 'yan'uwanmu da hanyar Hajji ta zaunar suke da yawa.

Duk da haka, ni a nawa nazarin, ƙofar Damagaram ba ta kai yadda take ban tsoro a taswira ba, kuma dalilin mai ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, saboda haka kafin yaƙi gyaɗar Damagaram da Maraɗi ta Kano take fita, kayan Turai da yawa ta Kano suke shiga. Da aka rufe iyaka, abin da ya rage wa Nijar shi ne Kwatano: jirgin ƙasa zuwa Paraku, daga nan mota ta Gaya da Doso, fiye da kilomita 1,000 na jar ƙasa kafin a ga Damagaram. Sojan ruwan Ingila kuma sun takura wa jiragen ruwan Vichy, fetur ya yi wuya har ana tuƙa motoci da gas ɗin gawayi da man gyaɗa. Jirgin jefa bam mai inji biyu yana shanye kamar ganga biyu a awa. Ninka wannan da jirage goma sha biyu, ka haɗa da bama-baman kansu, da kayan gyara, da makanikai, da abincinsu. Ba a tara irin wannan kaya a ɓoye, balle a wurin da iyaka ba ta taɓa raba kasuwa ko zumunci ba. Fatake da 'yan fasa-ƙwauri ba su daina ƙetarawa ba, ɗan Daura yana da ƙani a Magarya, Bakatsine yana da suruki a Maraɗi. Ayarin manyan motoci ɗauke da gangunan mai ba zai kwana biyu a Damagaram ba labari bai iso kasuwar Kurmi ba. Wato gargaɗin gaskiya na makonni ne, minti 15 ɗin nan na ranar ƙarshe ne kawai. Mai auna barazana da ya san aikinsa ya fi sa ido a kan hanyar mota da bakin kasuwa fiye da sararin sama.

Ga kuma niyya. Boisson ya yaƙi Ingilishi a Dakar, amma bai buɗe wa Jamusawa ƙasarsa ba. Burinsa ya riƙe abin da ke hannunsa. Jefa bam a Kano gayyatar mamaya ce, a daidai lokacin da Janar George Giffard, kwamandan sojan Ingila na Afirka ta Yamma, yake ta ƙara yawan dakarunsa. Kowane ɓangare yana tsoron ya tsokano ɗayan, a haka aka yi zaman kallon-kallo na sama da shekara biyu.

Ɗaya ƙofar ita ce hamada, kuma ita lissafin zare ya ce a rufe take. Tun Oktoban 1940 aka ga alamar cewa lissafin yana da ɓaraka. Jiragen Italiya huɗu suka tashi daga tsibirin Rodes, suka jefa bam a matatar man Bahrain da kuma Zahran ta Saudiyya, suka wuce suka sauka a Eritiriya, tafiyar sama da kilomita 4,000 ba tsayawa. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, don mafi yawan nauyin da suka ɗauka mai ne. Amma sun nuna cewa mai naci yana iya wuce da'irar, in ya yarda ya ɗauki bam kaɗan kuma ya sa ransa a kasada.

Wanda ya gwada haka a kusa da mu wani Bajamushe ne, Theo Blaich. Kafin yaƙi yana da gona a Kamaru, yana kuma tuƙa ɗan jirginsa, saboda haka ya san ƙasar, ya san darajar Fot Lami. A Janairun 1942 ya samu Heinkel 111 guda ɗaya. Suka tashi daga Hun a tsakiyar Libiya zuwa wani fili can kusa da iyakar kudu, wanda bai wuce shimfiɗaɗɗen tsakuwa ba, jirgin Italiya ya biyo su da mai, tare da su akwai wani hafsan Italiya masanin hamada. Da safe suka tashi, suka ratsa sama da kilomita 1,000 na duwatsu da rairayi, suka iso Fot Lami da rana tsaka ba wanda ya tare su. Bam 16 suka saki, kowanne kilo 50, a kan ma'ajiyar mai ta filin jirgin. Man jirgi mai tarin yawa ya ƙone. Ka tuna jirgin ƙasa bai isa Maiduguri ba sai 1964, don haka kowace ganga da ta ƙone a ranar an sha wahalar jawo ta ne a mota ko a kogi daga nesa. A hanyar komawa mai ya ƙare musu, suka sauka a tsakiyar hamada kafin su kai filinsu. Kwanaki suka yi a gindin jirgin suna tsimin ruwa, har wani jirgin leƙen asiri na Italiya ya hango su, aka kawo musu mai suka tashi.

Wannan hari shi ne ma'auni mafi kyau da muke da shi, don ya nuna abin da zai yiwu da kuma iyakarsa a lokaci guda. Daga iyakar Libiya ta kudu, Maiduguri kusan nisa ɗaya take da Fot Lami, Kano kuwa ta ɗara da kilomita 100 da wani abu, kuma sai an ratsa sararin Nijar. Jirgin da mai ya ƙare masa a dawowa daga Fot Lami, da Kano ya nufa da wuya ya koma. Saboda haka hukuncina shi ne Maiduguri tana cikin haɗari na gaske, Kano tana bakin gaɓa, Legas kuwa ta wannan ƙofar ta tsira. Kuma ko an zo, jirgi ɗaya ne ko biyu, sau ɗaya. Ba a sake maimaita na Fot Lami ba. Ayarin Takoradi ya ci gaba da wucewa, Janar Leclerc da ke riƙe da sojan de Gaulle a Chadi ya ƙara tsaron filin, ya ci gaba da kai farmaki Fazzan, wato kudancin Libiya. Hari ɗaya yana ƙona ma'ajiya, amma tsinka hanya sai an yi ta zuwa mako bayan mako, wannan kuwa hamada ta hana.

Daga nan sai tambayar da ta fi wuya ga mai mulki: nawa za a kashe a kan tsaro? Da Ingila ta janye sojanta daga Dunkirk a 1940, ta bar makamanta masu yawa a Faransa. Kowace bindigar kakkaɓo jirgi da aka girke a Kano an hana Landan ko Malta ko Iskandariya ita ne, inda bam yake sauka kullum. Bindigogin ma a farkon yaƙin sai sun harba dubban harsasai kafin su kakkaɓo jirgi ɗaya. Shi ya sa Firitawun ta sha gaban kowa a Afirka ta Yamma, don asarar tashar nan asarar ayarin jiragen ruwa ce. A wuri irin Kano abin da ya fi riba mai arha ne: a rarraba jirage kada su jeru wuri guda, a raba gangunan mai gida-gida nesa da juna, a tona rami, a rage haske da dare. Darasin Fot Lami ke nan ma, man da aka tara wuri ɗaya bam 16 ƙanana sun ishe shi. Ta fuskar soja zalla, ina ganin sun auna daidai da ba su cika Arewa da igwa ba.

Inda nake da magana a kansu shi ne abin da suke ƙirgawa. Lissafin irin wannan tsaron na jirage ne, da mai, da gadar Jebba da ta Makurdi, da kwatar Apapa, da ma'adinan kuzar Jos bayan Malaya mai arzikin kuza ta faɗa hannun Japan a 1942. Yi tunanin matuƙin da ya taso daga arewa da rana. Zai fara hango Dala da Gwauron Dutse, da badala ta zagaye birni, da layin dogo, sannan ya nemi filin jirgi. Bam ɗin da ake saki daga sama sosai a wancan zamanin yakan kauce da ɗaruruwan mitoci, wani lokaci da kilomitoci. Abin da ke tsakanin filin jirgi da tashar jirgin ƙasa kuwa Sabon Gari ne da Fagge, ga rumfunan kasuwa na zana, ga buhunan gyaɗa jibge, ga iskar hunturu. Soron ƙasa yana jure wuta, amma rumfa da danni ba sa jurewa. Da bam ya kauce, talakan da ba shi da hannu a rigimar Turai shi zai kwashe, kuma ba shi aka sa a gaba ba da ake raba kayan tsaro. A Legas an yi tsarin kariyar farar hula, an taƙaita fitilu da dare, amma nauyin tsarin ya fi karkata inda ofisoshin gwamnati da tashar jiragen ruwa suke.

Zarginka na ɗibar soja da tara kuɗi shi ma ba banza ba ne. An yi amfani da sunan Hitila an tara kuɗin taimakon yaƙi daga baitulmalin En'e da aljihun talakawa, an ɗebi samari soja, kuma daga 1942 zuwa 1944 an yi aikin tilas a ma'adinan Jos, wanda mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe mutane da yawa. Waɗannan su ne rayukan da yaƙin ya ci a cikin Arewa, ba tare da jirgi ko ɗaya ya zo ba.

Barazanar kanta ta mutu cikin wata uku. Ran 8 ga Nuwambar 1942 sojan Amurka da Ingila suka sauka a Maroko da Aljeriya, kafin watan ya ƙare Boisson ya koma ɓangarensu, Nijar da Dahomey suka daina zama abin tsoro. A Janairun 1943 Leclerc ya taso daga Chadi ya cinye Fazzan har ya isa Tarabulus, filayen hamadar da Blaich ya tashi daga cikinsu suka fita daga hannun Italiya. Sojan da aka tara don tsaron iyakokin Afirka ta Yamma aka haɗa su aka yi runduna ta 81 da ta 82, aka ɗora su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga dajin Bama.